Amfilifayar Ibro Mai Jita a Hannun 'Yan Daji

Akwai maganar da na san tana isa kunnuwanku, ke Asma'u da kai Nasiru, ko da yake kunya ba ta bar ku kun kawo mini ita ba: wai ubanku ya taɓa yi wa 'yan bindiga aiki a daji, shi ya sa ya bar Goronyo. Rabinta gaskiya ne. Na je dajin, kuma na yi aikin da hannuna. Abin da masu faɗi ba su sani ba shi ne yadda anka yi na je da abin da na tarar can, kuma tunda ƙarfina ya fara ja da baya, gara ku ji daga bakina. A shekarar kai Nasiru kana Sakkwato wurin aiki, ke kuma kina ɗakinki a Rabah da goyo. Daga ni sai mahaifiyarku Hajo a gidan.

Kun san rumfata ta gyaran rediyo a bakin kasuwar Goronyo. Cikin masu kawo mini gyara akwai wani makaɗi, Ibro, mutumin wajen iyaka ne da ya zauna cikinmu yana kaɗa jita a bukukuwa. Mutum ne mai fara'a, ba ya shiga rumfa bai sa kowa dariya ba. Amfilifayarsa tsohuwa ce irin ta bawul, wato kwalaben gilashin nan masu kama da ƙwan fitila da ke ɗaukar zafi in an kunna. Daga hannun makaɗan Agadas ya same ta, kuma ya ƙi sauya ta da ta zamani, yana cewa na zamanin muryarsu ba ta da jini. A duk yankinmu ni kaɗai na rage wanda ya san cikin irinta, don na koyi sana'a tun ana yayin rediyo mai bawul, a wurin wani dattijo Bayarabe a Sakkwato, Baba Lasisi, Allah Ya jiƙansa.

Sai na ɗan bayyana muku abu ɗaya game da wannan akwati, in ba haka ba ba za ku gane tsoron da na ji ba. A cikinsa akwai ƙaramin bawul da ke karɓar muryar jita ya ɗaga ta, sannan manya biyu da ke tura ta cikin lasifika. A ƙarƙashin kowanne akwai wani ɗan abu da muke kira razista, aikinsa tare wuta, kamar ƙofar da ake saukewa don rage ruwan madatsa kafin ya shiga fadama. Girmansa da lamba ake faɗi, om kaza. In lambar ta yi yawa, wuta kaɗan ke ratsa bawul, ya zauna da sanyi, ya daɗe, amma muryarsa ta ragu. In lambar ta yi kaɗan, wuta ta kwararo, murya ta cika ta yi kauri, amma ƙarfen cikin bawul ya yi ta zafi har ya yi ja wur ya ƙone, wani lokaci ya tafi da taransifoma. Kuma wutar da ke cikin akwatin nan ta haura bolt ɗari uku, tana maƙalewa a ciki ko an kashe. Tana kashe mutum.

Shekarar da nake ba ku labari, tsoro ya riga ya zauna mana a gari. Gonakin nesa an bar su, masu zuwa kasuwa daga Kagara da Rimawa sun ragu, makiyayan da ke kawo mana nono da yawa an kwashe musu shanu sun watse. Da farkon damina labari ya zo cewa an tare motar da ta ɗauko Ibro daga wani biki, an tafi da shi da kayan kiɗansa. Munka yi jimami, munka yi addu'a, sannan kowa ya koma harkarsa, don a lokacin irin wannan labari ya zama abin kowane mako.

Wata safiya ina rumfa ina buɗe wata rediyo, waya ta yi ƙara da lambar da ban sani ba. Muryar da na ji ta dushe har sai da ya faɗi sunansa.

"Malam Sidi, ni na, Ibro. Ka yi mini gahwara. Akwatin ya mutu, sun tambaye ni wa ka gyara shi, ni kau na hwaɗi."

Kafin in amsa wani ya karɓe wayar. Bai yi mini tsawa ba, da ma ya yi da ya fi mini sauƙi. A natse ya gaishe ni, ya tambayi iyali, ya ce ƙanensa zai yi aure gobe kuma yana son kiɗa. Ya kwatanta mini rumfata, da ƙofar gidana mai darbejiya, sannan ya ce ya ji ina da ɗiya a Rabah da ta haihu kwanan baya, Allah Ya raya. Ya ce da safe in fita bayan gari ta hanyar gonaki, zan ga mai babur a gindin wata tsamiya. In na gyara za a maido ni. Ya kashe. Na zauna da sukudireba a hannu, ban san lokacin da ya faɗi ƙasa ba. Maƙwabcina mai sayar da batir ya leƙo ya tambaye ni ko lafiya, na ce masa ciki ne ya murɗa mini.

Da na faɗa wa Hajo, ba ta yi kuka ba, sai ta shiga ɗaki ta fara ɗaure kaya. Ta ce mu kama motar Sakkwato tun rana ba ta yi ba, mu aika a ɗauko Asma'u da jinjirin, gida da rumfa duk a bar su. Ta ce waɗanda sunka je dajin nan da ƙafarsu nawa na gani sun dawo. Na ce mata mijinki, Asma'u, da iyayensa ba za su taso don ni ba, kuma mutanen nan sun fi mu saurin isa Rabah. Ta tsaya da ɗaurin a hannu, ta ce to Allah Ya isa tsakaninta da Ibro.

Na kira yayana Malam Bello daga Wurno, kun san shi, mai karantarwa a zauren gidanmu na gado. Bai taɓa son huldata da makaɗa ba, ya sha gaya mini. Ya iso kafin azahar, ya saurare ni har ƙarshe yana jan carbi. Na zaci zai ce haramun ne in je in gyara abin kiɗa ga azzalumai. Sai ya ce ba maganar kiɗa ake ba yanzu, maganar ran mutum ce da ke hannunsu da na jikarsa da ke Rabah. Amma ya ce kada in tafi a ɓoye, mu je mu shaida wa mai unguwa. Munka je. Mai unguwa dattijo ne mai kirki, amma da ya ji inda maganar ta dosa sai ya tashi ya leƙa ƙofar zaure ya dawo, ya yi ƙasa da murya.

"Malam, ku yi mini rai. Ban ji ba, ba ku zo ba. Bangon gidan ga ma kunne gare shi."

Da yamma na koma rumfa in haɗa kaya. Na sake samun Ibro ta lambar nan, sunka bar shi ya gaya mini yadda abin ya faru: yana cikin kiɗa ya ji wani fas, warin ƙuna ya tashi, murya ta ɗauke, amma bawul suna nan suna haske. Na gane razistan manyan bawul ne ya ƙone. Na san shi, fari ne mai kauri kamar guntun alli, om ɗari biyu da saba'in. Na zazzage gwangwanayena duka ban sami irinsa ba. Abin da na samu mai jure zafi guda biyu ne, ɗaya ɗari da tamanin, ɗaya ɗari uku da talatin. Wannan ya yi ƙasa, wancan ya yi sama. Na zuba su a aljihu da wasu ƙanana, na ɗauki mitar auna wuta da ƙarfen liƙi da dalma. Ban yi barcin kirki ba.

Da gari ya waye Hajo ta dama mini fura, na kasa sha. Ta raka ni har zaure, abin da ba ta saba yi ba, ta riƙe bakin rigata kaɗan sannan ta saki. Mai babur yana gindin tsamiyar kamar yadda anka faɗa, dogon mutum da bindiga rataye a ƙarƙashin bargo. Da munka yi nisa ya tsaya ya ɗaure mini ido da rawaninsa. Daga nan abin da na sani shi ne ƙayoyi da ke dukan ƙafata, da ruwan da munka ratsa, da warin man babur. Duk addu'ar da na iya na karanta, wasu na fara su na manta ƙarshensu.

Inda anka kwance mini ido fili ne a tsakiyar itatuwa, babura jere, an yanka saniya ana fiɗa, janareto yana ruri an jona masa wayoyin hannu ana caji kamar inabi. Mutanen da na gani wasu Hausa suke yi, wasu Fulatanci, wasu harshen da ban gane ba, kusan kowa da bindiga. Can gefe a inuwar wata marke akwai mutane zaune a ƙasa, ƙafafunsu a ɗaure. Wata tsohuwa a cikinsu ta zuba mini ido, na kawar da kai, don na ji tsoron in gane wani. Anka kawo Ibro. Ya rame har wuyansa ya yi tsawo, leɓensa ya tsage. Ya durƙusa zai gaishe ni, na ce ya tashi ya kawo akwatin.

Babban nasu yana zaune a kan tabarma, matashi ne da bai kai Nasiru ba, da baƙin tabarau. Na gane muryarsa. Ya ce in yi aikina a gabansa yana kallo. Na kwance bayan akwatin, na tarar da abin da na zata: razistan ya tsage biyu ya yi baƙi, kondensar da ke gefensa, wani ɗan gwangwani mai ajiye wuta, ta kumbura ta fashe. Sai na yi abin da Baba Lasisi ya koya mini tun ina saurayi, wanda ya zame mini jiki: in za ka sa hannu cikin akwati mai bawul, ɗaya hannun ka kai shi baya, don ko wuta ta kama ka kada ta bi ta ƙirjinka. Ina kai hannun hagu bayana sai na ji ƙarar ƙarfe, dogon nan ya ɗana bindiga ya ɗora mini bakinta a wuya.

"Mi kaka ɗauko?"

Na ɗaga hannun a hankali, na buɗe tafin. Da ƙyar na bayyana musu dalili. Babban ya yi dariya, ya ce ashe akwatin ma yana da harsashi. Ya ce a bar ni, amma dogon bai matsa ba, yana tsaye a kaina har na gama, ina jin numfashinsa.

Na auna wutar janareton, na ga ta fi ta gari ƙarfi, kuma tana hawa tana sauka duk lokacin da wani ya cire waya ko ya jona. Wannan ne ya kashe razistan farko. Na fito da guda biyun nan na ajiye a kan gwiwata. Ibro ya matso kamar zai riƙe mini akwatin, ya yi magana ba tare da ya motsa leɓe sosai ba. Ya ce ranar da akwatin ya mutu sun yi masa dukan da ya suma, sun ce da gangan ya lalata, kuma an gaya masa in ya sake mutuwa a tsakiyar biki yatsunsa za a sare. Babban kuma, kamar ya ji mu, ya ce daga inda yake zaune yana son ƙara mai yawa, wadda za a ji har ƙauyukan da ke bayan dajin, su san ana biki. Ya ƙara da cewa in akwatin mai yawan mutuwa ne, to sai in zauna tare da su in riƙa tashinsa.

Ku duba halin da nake ciki. In na sa ƙaramin, ɗari da tamanin, zai sami ƙarar da yake so nan take, ya ji daɗi, wataƙila ya sallame ni da wuri. Amma da wutar janareton nan bawul za su yi ja, ko su kai yamma ko kada su kai, kuma babu wasu bawul irinsu daga nan har Sakkwato. In na sa babban, ɗari uku da talatin, akwatin zai rayu, amma muryar za ta ragu, kuma ban san abin da mutumin nan yake yi wa wanda bai gamsar da shi ba. Na dubi yatsun Ibro a kan akwatin. Na ɗauki babban razistan. Ina cikin liƙi dalma ta ɗiga mini a ƙafa, ban ji zafin ba sai daga baya.

Munka kunna. Irin wannan akwati ba ya magana nan da nan, sai bawul sun yi ɗumi, kuma wannan ɗan jiran ban taɓa jin abin da ya kai shi tsawo ba. Sannan lasifika ta yi ɗan gurnani, Ibro ya taɓa tsirkiya, murya ta fito. Na sa mita: wutar ƙarƙashin bawul ta hau kaɗan fiye da yadda na saba gani, ta samansu ma ta hau, alamar suna shan wuta kaɗan, suna cikin sanyi. Mutane sunka taso suna harbi sama. Ibro ya fara kiɗa. Ni kuwa rana ta hana ni ganin cikin bawul, sai na cire babbar rigata na lulluɓe kaina da bayan akwatin, ina leƙen ƙarfen ciki ko zai fara ja. Suna ta yi mini dariya, wai tsoho yana duba. Ƙarfen yana nan baƙi. Na fara samun numfashi.

Ba a daɗe ba babban ya ɗaga hannu, kiɗa ya tsaya. Ya ce ba haka muryar take ba da, ta yi siriri. Ya cire tabarau ya dube ni.

"Tsoho, ko dai ka rage mata ƙarhi da gangan na?"

Na ce masa gaskiya. Na ce na rage, don janaretonsa yana ba ta abin da ya fi ƙarfinta, in na buɗe mata duka za ta yi ƙara na ɗan lokaci ta mutu mutuwar da ba mai tashinta. Na ce akwai wata hanya, ya ba ni dama. Ya dai mayar da tabaransa. Na ɗauka izini ne.

Dabarar ita ce ƙaramin bawul na gaba. Shi ba ya ɗaukar zafi irin na manya, ana iya matsa masa ba tare da ya ƙone ba. Razistansa om dubu ɗaya da ɗari biyar ne. In na sauke shi zuwa ɗari takwas da ashirin, zai ƙara shan wuta, wutar samansa ta sauka, ya ƙara ɗaga muryar jitar kafin ta isa ga manyan, ta fito da kauri da ɗan gurnani. Ƙarfin akwatin na asali bai ƙaru ba, amma kunne zai ji kamar ya ƙaru. Na kashe, na juya akwatin. A ƙa'ida sai na zubar da wutar da ta maƙale kafin in taɓa komai, na kuma fara, amma mutane sun kewaye ni suna gunaguni, dogon yana taɓa ni da bakin bindiga yana cewa in yi sauri, ban jira ta gama sauka ba. Yatsana ya goga wata waya. Ban san yadda zan kwatanta muku ba, kamar an daki hannuna da taɓarya tun daga yatsa har kafaɗa. Na faɗi zaune, na ciji harshena, bakina ya cika da jini. Da hannun hagu ba ya baya, da a nan labarina ya ƙare. Na haɗiye jinin, don ban so su ga kamar na kasa. Yatsu biyun nan na dama da kuke gani ba sa lanƙwasuwa sosai, daga ranar ne. Da sauran ukun na ƙarasa liƙin, Ibro yana riƙe mini dalma.

Wannan karon da ya kaɗa, muryar ta fito da kauri tana kurma ihu, har tsuntsaye sunka tashi daga itatuwa. Babban ya miƙe da kansa ya shiga rawa da bindiga a sama. Na koma ƙarƙashin rigata ina kallon bawul, hannuna yana zafi kamar an sa a wuta, ina jin harbi ta ko'ina, ina roƙon Allah kada wani ya cire wayoyi da yawa a lokaci ɗaya wutar ta yi tsalle. Sau da dama allurar mita ta hau sosai, sannan ta dawo. Ibro ya yi ta kiɗa, idonsa a rufe, hawaye yana bin fuskarsa, su kuwa sun zaci daɗin kiɗan ne.

Bayan la'asar babban ya kira ni, ya ce aikina ya yi, a maida ni. Ya sa a ba ni cinyar saniya, na ce hannuna ba zai iya riƙewa ba, ya yarda. Na yi ƙarfin hali na tambaye shi ko zai bar Ibro ya bi ni. Ya ce akwati ba ya kaɗa kansa. Ko sallama ba mu yi da Ibro ba, yana tsakiyar fili anka ɗaure mini ido.

Na iso gida ana kiran magariba. Hajo tana zaune a zaure inda na bar ta, Malam Bello yana gefe. Da ta gan ni sai ta taso ta riƙe ni. Na zaci tsoro ya ƙare ke nan, ashe rabinsa na gani. Wani ya hango mai babur yana sauke ni a bayan gari. Kafin mako ya zagayo, masu gaishe ni a kasuwa sun fara kallon wani wuri in na doso, maƙwabcina mai batir ya janye bencinsa daga gefen rumfata. Kun san abin da ake yi wa wanda anka kira mai kai rahoto a wancan lokaci, ba a kai shi gaban alƙali. Ban zarge su ba, kusan kowane gida an taɓa shi, ga kuma mutum ya shiga daji ya fito da ƙafarsa ba a karɓi komai a kansa ba.

Wata ranar kasuwa 'yan sa-kai sunka zo rumfa sunka tafi da ni rumfarsu ta bakin gari. Sunka zaunar da ni a ƙasa, jama'a ta taru. Shugabansu an kashe masa ƙane a gona a wannan daminar, idonsa ja. Na faɗi duk abin da ya faru, na nuna musu hannuna da ya kumbura. Anka aika a kira mai unguwa ya shaida ko na gaya masa kafin in tafi, ya aiko cewa ba shi da lafiya. A nan na sadaƙar. Wallahi tsoron da na ji a gaban mutanen garinmu, waɗanda na gyara wa rediyo shekara da shekaru, ya fi wanda na ji a daji. Hajo ce ta kira Malam Bello, Allah Ya sa yana Goronyo bai koma ba. Ya ratsa taron da sandarsa ya zo ya zauna a ƙasa kusa da ni, da farar rigarsa.

"Ni na ce mishi ya tahi. In laihi na, nawa na. Ku hwara da ni."

Da yawa cikinsu sun yi karatu a wurin almajiransa, wasu shi ya raɗa wa 'ya'yansu suna. Daga ƙarshe shugaban ya ce ba za su taɓa ni ba, amma ba zai iya lamunce mini abin da wani zai yi ba, gara in bar garin. Cikin kwanakin munka kwashe abin da mota za ta ɗauka munka dawo Wurno, ɗakin da anka haife ni. Rumfar da na yi rabin rayuwata a ciki, ko kwanon rufinta ban cire ba. Da hannun nan kuma ƙananan gyare-gyare kawai nake iyawa.

Sai bayan an cire albasa, rani ya yi nisa, wata rana da hantsi anka yi sallama a zaure. Na fito na ga mutum da sanda, sai da ya yi murmushi na gane Ibro ne. Abu na farko da na duba hannunsa, yatsunsa goma suna nan. Munka zauna a tabarma. Sannan ya ba ni labari. Ya ce duk daminar nan da kaka, duk inda sunka koma da akwatin ake tafiya, kullum sai ya kaɗa musu. Ranar da ruwan sama ya shiga janareto ya tura wa akwatin wutar da ta ƙone taransifoma, hayaƙi ya tashi a gaban kowa, sun ga ba laifinsa ba ne. Ba a jima ba sunka ga ciyar da shi ba riba, sunka ajiye shi a bakin hanya.

Na tambaye shi, da na sa ƙaramin razistan, akwatin ya mutu da wuri, yana ganin da sun sake shi tun lokacin, ko da sun sare yatsun. Ya ce shi ma ya yi ta wannan tunani a dajin, bai sami amsa ba.

"Malam Sidi, kullum in na kunna shi sai in roƙi Allah ya ƙone. Shi kau sai ya tashi garau. In ce, kai, wanga tsoho ya iya aiki."

Ya fara dariya, ni ma na kama, munka yi ta yi har ta juye mana kuka, mu biyu dattawa a zaure, masu wucewa suna leƙe. Da munka natsu na tambaye shi ko zai nemi wata jitar. Ya buɗe tafukansa ya dube su, ya ce ya sami aikin ɗaurin buhun albasa a tasha, kuma wurin ba mai kunna rediyo, shi ya sa yake son sa.